Ƙanƙara a Tsakiyar Bazara: Wa Ya Aiki Iyaye?

Jama'a, yau ba labarin soyayya na kawo muku ba. Faɗa zan yi, da iyayen da ke Kanada da arewacin Amurka, har da 'yan uwanmu da neman ilimi ko abinci ya kai can, waɗanda da an rufe makarantu a ƙarshen Yuni sai su kwashi yaro ɗan shekara 8 ko 9 su kai shi sansanin koyon hokin ƙanƙara.

Ga wanda bai san wasan ba, ana yin sa ne a kan daskararriyar ƙanƙara, da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasansa, ana kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanda mai lanƙwasa. Wasan hunturu ne. Yaran can suna fara shi tun wajen Satumba, ba sa ajiyewa sai Maris ko Afrilu. To don Allah, yaron da ya yi wata 7 yana tashi da asuba cikin sanyi, me ya yi wa iyayensa da za su mayar da shi ɗakin ƙanƙara a watan Yuli, lokacin da rana ta fito, tsaransa na ninƙaya a tafki?

Masu sansanin za su ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba su faɗi sauran ba: ɗanyen iccen da aka matsa wa tanƙwara tsagewa yake yi. Likitocin wasanni sun daɗe suna gargaɗi kan ɗaure ƙaramin yaro a wasa guda duk shekara, domin gaɓoɓin da ake ta maimaita aiki da su kan gaji, a hoki kuwa ƙugu da cinya ne ke ɗaukar wahalar. Ga kuma buguwar ƙwaƙwalwa, wadda ta sa hukumar hokin Amurka a 2011, da ta Kanada a 2013, suka hana 'yan shekara 11 da 12 bangazar juna.

Abin da ake sayar wa iyaye mafarki ne, wai ɗanka zai shiga NHL, babbar gasar ƙwararru. Mu yi lissafi. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace shekara ana zaɓen sababbin 'yan wasa zagaye 7, wato kimanin mutum 224 daga duk duniya, kuma da yawansu ba sa taɓa samun gurbi na dindindin. A Kanada kaɗai, masu rajistar wasan sun haura dubu 500. Kwaɗayi mabuɗin wahala! Uba ya biya kuɗin sansani, ya sayi hular kwano da sanduna da takalmin da ƙafa za ta fi shi girma baɗi, a gida kuma ana ta jan bashi.

Su waye ma suka ce sai da sansanin bazara ake zama gwani? Wayne Gretzky, wanda ya tara maki 2,857 a NHL, har yau babu wanda ya kamo shi, ya sha faɗa cewa yana yaro a Brantford, da hunturu ya wuce yake ajiye takalminsa ya koma wasannin besbol da lakuros.

Sai babbar tambayar da nake so uwa ta yi wa kanta: wa ke tare da ɗana a ɗakin sauya kaya? Akim Aliu, haifaffen Okene a Nijeriya, yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor a 2005 ya ƙi yarda da wulaƙancin da ake yi wa sababbin shiga, sai wani abokin wasansa ya fasa masa haƙora da sanda. A 2019 ya fallasa kocin da ya zage shi kan launin fata, har kocin ya ajiye aiki a Calgary. A 2022 shugabannin hukumar hokin Kanada suka sauka, bayan an gano ana amfani da wani ɓangare na kuɗin rajistar yara wajen biyan diyyar ƙararrakin cin zarafi. Waɗannan ba a sansanin bazara suka faru ba, amma gidan ɗaya ne, tarbiyyar ɗaya ce, kuma tsofaffin 'yan wasan nan su ne malaman sansanin.

Ban ce wasan haramun ba ne. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a NHL, ya fita da mutuncinsa. In yaro da bakinsa ya roƙa, a kai shi na mako guda, na jeka-ka-dawo, bayan an bincika su waye malaman. Amma in kai ne, Alhaji, ke mafarkin ganin sunanka a bayan riga, to ka sayi takalmin daidai ƙafarka ka hau ƙanƙarar da kanka. Shi kuma yaro a bar shi ya hau keke, ya kwana a ɗakin uwarsa, ya ji Hausa a bakin iyayensa kafin Satumba ta zo.