Gammon Sola: Wa Ya Ce Hausa Ba Ta Ɗaukar Kimiyya?



Da zarar an ce mu yi rubutu kan kimiyya, sai wani ya taso ya ce Hausa ba ta da kalmomi. Mu kam ba mu yarda ba. Lalacinmu ne muke ɗora wa harshe.

Mu duba gida. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama a fadamar Argungu da Birnin Kebbi suka koma injin ban-ruwa mai sola. Mutum ya sayar da sa, ko ya ci bashi, ya sayi faranti, amma duk abin da ya sani game da shi daga bakin mai shago ya ji. Mu kuwa muna can muna littafi na uku kan kishiya da uwar miji.

Ga kuma abin da ke tafe. Farantan da ke kasuwa yanzu na silikon ne, amma masana sun duƙufa kan wani sinadari mai suna ferobsikayit. A 2009 Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan suka fara gwada shi, ya mayar da kashi 3.8 cikin 100 na hasken rana lantarki. Yau ya haura kashi 25. Shafa shi ake yi kamar fenti, shi ya sa ake sa ran zai yi araha. Aibinsa rashin ƙarko: danshi da zafi suna lalata shi da wuri, alhali na silikon ana ba shi garantin shekara 25. Aidin da ke cikinsa ma yakan tsallaka ya ci ƙarfen da ke kwashe wutar.

Ɗaya daga cikin magungunan shi ne a shimfiɗa wani abu tsakaninsu, wanda ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Yana tare aidin, yana rage shigar danshi, yana kuma sauƙaƙa wa wutar hanya don kada ta salwanta. Duk mai ɗaukar tulu ta san wannan aiki, gammo ne. To ina ƙarancin kalmomin?

Wata rana farantin nan zai iso kasuwar Birnin Kebbi, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Alƙaluman da ke jikin kwali kuwa a digiri 25 ake auna su. Manomi na buƙatar sanin tambayar da zai yi kafin ya zaro kuɗi: shekara nawa zai yi a zafinmu? Idan mun yi shiru, wa zai koya masa?

Kada a ce mu ba injiniyoyi ba ne. Kwalejin Waziri Umaru na nan, ga jami'ar Aliero, ga Cibiyar Binciken Makamashi a Sakkwato. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin wannan mako: kowa ya sami mai haɗa sola a unguwarsu, ya tambaye shi abin da ya fi kashe faranti ko batir, ya rubuto mana sakin layi ɗaya da Hausar da kakarsa za ta gane.