Sharhi: Yadda gwamnatoci ke cin gajiyar bayanan masu aikin sa-kai wajen nazarin teku da sauyin yanayi

A shekarar 1986, lokacin da yankin Sahel bai gama farfaɗowa daga farin 1984 ba, wasu masana uku na Hukumar Hasashen Yanayi ta Birtaniya, da suka haɗa da Chris Folland, sun wallafa wani bincike a mujallar Nature wanda ya sauya yadda ake kallon matsalar. Kafin wannan lokaci, masana da dama sun fi ɗora laifin farin a kan yawan kiwo da sare itatuwa. Sabon binciken ya nuna cewa daga 1901 zuwa 1985, ƙarfin damina a Sahel yana tafiya tare da zafin ruwan tekunan duniya. A shekarun da tekunan kudancin duniya suka yi ɗumi fiye da yadda aka saba idan aka kwatanta da na arewa, damina kan yi rauni tun daga Senegal har zuwa Sudan.

Mafi yawan alƙaluman zafin tekun da aka gina binciken a kansu, ma'aikatan jiragen ruwa ne suka tattara su. Mutum zai jefa bokiti a teku, ya jawo ruwa, ya tsoma ma'aunin zafi, ya rubuta abin da ya gani a littafin jirgi tare da rana da wurin da ake. Galibinsu ba masana kimiyya ba ne, kuma ba wannan aikin aka ɗauke su yi ba. Amma da rubutunsu aka gano wani ɓangare na dalilin da ya sa gero ke bushewa a gonakin Katsina da Damagaram.

Wannan tarihi yana da muhimmanci a yanzu da hukumomin gwamnati a ƙasashe da dama ke ƙara buɗe ƙofa ga bayanan da jama'a ke tattarawa a matsayin aikin sa-kai. Abin da ya fito fili daga ƙasashen da suka gwada shi ne, irin waɗannan bayanai suna amfani matuƙa, amma gwargwadon ɗawainiyar da hukuma ta ɗauka wajen tsara su da tantance su da adana su.

Tsohuwar al'ada da ta samu sabuwar doka

A 1853 aka yi wani taro a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, bisa ƙoƙarin Matthew Fontaine Maury na rundunar sojin ruwan Amurka, inda ƙasashe masu jiragen ruwa suka amince da tsari guda na rubuta yanayin iska da ruwa a teku. Maury ya riga ya gano dabarar jawo hankalin matuƙa: duk wanda ya miƙo littafin jirginsa, za a ba shi taswirar iska da igiyar ruwa kyauta, wadda ke rage masa kwanakin tafiya. Daga wannan tushe tsarin jiragen sa-kai na Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ya samo asali, kuma har yau dubban jirage na aiko da rahoto ta wannan hanya.

A kan tudu ma haka abin yake. Tun 1890 Amurka ta kafa shirin masu lura da yanayi na sa-kai, wanda a yau ya ƙunshi mutane sama da 8,000 da ke auna zafi da ruwan sama kullum a gonakinsu da gidajensu. Wani babban kaso na tarihin yanayin ƙasar daga hannunsu ya fito.

A watan Yulin 1997, ambaliya ta afka wa birnin Fort Collins na jihar Kolorado, ta kashe mutum biyar. Ruwan da ya sauka a yammacin birnin ya haura milimita 350 cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, alhali wasu unguwannin da ke da tazarar kilomita kaɗan ba su samu ko kusa da haka ba, kuma ma'aunan hukuma ba su nuna girman abin a kan lokaci ba. Shekara guda bayan haka, masanin yanayi Nolan Doesken na jami'ar jihar ya kafa shirin CoCoRaHS, inda mazauna gari ke kafa ma'aunin ruwan sama iri ɗaya a gidajensu, su aika da sakamako kowace safiya. Shirin ya bazu zuwa dukkan jihohin Amurka da Kanada, kuma masu hasashen ambaliya da masu bibiyar fari na gwamnati suna amfani da alƙalumansa.

A watan Janairun 2017 Shugaba Barack Obama ya sanya hannu kan dokar da ta fayyace wa hukumomin tarayya ikon gudanar da irin wannan bincike tare da jama'a. A farkon 2021 kuma Hukumar Kula da Teku da Sararin Samaniya ta ƙasar, wato NOAA, ta fitar da manufarta ta musamman a kan lamarin.

Abin da jama'a ke iya yi cikin kwana 16

Misalin da ya fi ba da mamaki a 'yan shekarun nan ya fito ne daga Birtaniya. A watan Maris na 2020, lokacin kullen annobar korona, Farfesa Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya ɗora hotunan shafuka kusan 66,000 na tsofaffin takardun ruwan sama a intanet, ya nemi jama'a su taimaka wajen kwafe su zuwa kwamfuta. Mutane kimanin 16,000 suka amsa kira, suka kwafe alƙaluma sama da miliyan 5 cikin kwana 16. An tsara aikin yadda mutum huɗu daban-daban za su kwafe kowane adadi, domin kuskuren ɗaya ya fito idan aka gwama da na sauran.

Bayan tantancewa, hukumar yanayin ƙasar ta shigar da alƙaluma miliyan 3.3 cikin kundinta na hukuma. Hakan ya mayar da farkon tarihin ruwan saman ƙasar zuwa 1836, ya kuma nuna cewa 1855 ce shekarar da ta fi kowace ƙarancin ruwa. Da yayyafi kogi kan cika, in ji masu iya magana. Sai dai a lura cewa su ma takardun asali, yawancin alƙaluman da ke cikinsu masu sa-kai ne suka auna su, kuma da hukuma ba ta adana su fiye da shekara ɗari ba, da babu abin da za a kwafa.

A Afirka ta Yamma, Ghana ce ta nuna hanya. Ƙungiyoyin da ke share gaɓar teku a ƙasar sun daɗe suna ƙirga robobi da ledojin da suke kwashewa. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana, tare da Hukumar Kare Muhalli da wata cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa da ke Austriya, ta zauna da ƙungiyoyin, ta binciki yadda suke ƙirgar, ta daidaita alƙaluman da ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya. Da haka Ghana ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da bayanan masu sa-kai wajen ba da rahoton hukuma kan sharar roba a teku ƙarƙashin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, kuma alƙaluman sun shiga rahoton da ta gabatar a 2022.

Inda gizo ke saƙa

Babbar tambayar da ake yi wa irin waɗannan bayanai ita ce ta inganci, kuma tarihin bokitin jirgi ya isa darasi. A jadawalin zafin duniya akwai wata faɗuwa ta kwatsam ta kusan digiri 0.3 a ƙarshen 1945, wadda ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Sai a 2008 wani bincike ya gano cewa ba teku ce ta yi sanyi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin rahotannin daga jiragen Amurka suke zuwa, waɗanda ke auna ruwan da ke shiga ɗakin inji, inda yakan ɗan yi ɗumi. Da yaƙi ya ƙare, jiragen Birtaniya suka dawo da bokitinsu marar rufi, wanda iska ke sanyaya ruwan cikinsa kafin a auna.

An iya gyara kuskuren ne saboda an san ƙasar da kowane jirgi ya fito da kuma irin hanyar da ta saba bi wajen awo. Ke nan adadi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da bayanin wanda ya auna, da abin da ya yi awon da shi, da lokaci da wuri. Tattara wannan bayani da adana shi aikin ma'aikata ne masu albashi, waɗanda ke da horo da kayan aiki.

Matsala ta biyu ita ce ta rashin daidaito. Jiragen kasuwanci na bin hanyoyin da ke da riba, don haka arewacin Tekun Atlantika ya cika da rahotanni, tekunan kudu kuwa fayau. Masu sa-kai a kan tudu sun fi yawa inda mutane ke da sarari da waya da intanet. An daɗe ana kiyasin cewa yawan tashoshin auna yanayi a Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ba da shawara ba. Idan aka bar aikin sa-kai ya tafi yadda ya ga dama, inda ke da bayanai zai ƙara samu, inda babu ya ci gaba da zama a duhu.

Ta uku ita ce ta tsaro da ikon ƙasa. Shirin Seabed 2030, wanda aka ƙaddamar a 2017 lokacin da kashi 6 cikin ɗari kacal na ƙasan teku aka zana da na'urorin zamani, ya kai aikin zuwa kimanin kashi ɗaya bisa huɗu, kuma yana karɓar ma'aunin zurfin ruwa daga jiragen kamun kifi da na kasuwanci. Amma ƙasashe da yawa ba su amince a wallafa irin wannan ma'auni daga ruwansu ba, domin zurfin mashigin tashar jirgi bayani ne da sojin ruwa ke ɗauka da muhimmanci.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Haɗarin da ya fi girma shi ne gwamnati ta ɗauki aikin sa-kai a matsayin hanyar tsuke bakin aljihu. A 2025 an sallami ɗaruruwan ma'aikatan NOAA, wasu ofisoshin hasashen yanayi suka dakatar ko suka rage sakin balan-balan ɗin da ke auna sararin sama saboda ƙarancin ma'aikata. Babu mai sa-kai da zai cike wannan gurbi daga bayan gidansa.

Haka nan, kimanin kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ke tarawa, teku ce ke shanye shi, kuma bokiti ba ya kaiwa inda zafin ke taruwa. Na'urorin Argo kusan 4,000 da ke yawo a tekuna, suna nutsewa zuwa zurfin mita 2,000 su taso duk bayan kwana goma, da kuɗin gwamnatoci ake sayensu. Duk da haka, sau da yawa jiragen kasuwanci ne ke taimakawa wajen jefa su a ruwa. A nan ake ganin yadda ɓangarorin biyu ke buƙatar juna.

Darasi ga Najeriya

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma garuruwa irin su Ayetoro a jihar Ondo sun riga sun rasa gidaje masu yawa ga teku. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar. Hukumomin da za su iya jagorantar aikin suna nan: Hukumar Hasashen Yanayi ta NiMet, da Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da aka kafa a Legas a 1975, da Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka ƙirƙiro a 2023.

Masu idon gani ma ba su yi ƙaranci ba. Masunta na fita teku kullum, sun san lokacin da ruwa ya sauya launi da lokacin da ciyawar teku ta toshe raga. Makarantun sakandare na iya riƙe ma'aunin ruwan sama, malaman gona na iya rubuta ranar saukar ruwan shuka. Abin da misalan Kolorado da Birtaniya da Ghana suka nuna shi ne sharuɗɗan da ke mayar da wannan sani ya zama alƙaluman hukuma: kayan awo iri ɗaya, horo mai sauƙi a harshen da mutane ke ji, jami'in da aikinsa ke nan ya tantance abin da ya shigo, da rumbun ajiya da zai wuce wa'adin gwamnati ɗaya.

Akwai kuma sharaɗin da Maury ya gane tun kafin 1853, wato a mayar wa mai bayarwa da wani abu. Masuncin da ya aiko da rahoto yana da haƙƙin samun gargaɗin guguwa a wayarsa kafin ya tura kwalekwale, manomin da ya auna ruwa kuma ya samu hasashen damina da ya dace da ƙaramar hukumarsa. Inda aka kiyaye wannan amana, aikin sa-kai ya shafe fiye da ƙarni yana gudana. Inda aka karɓi bayanai aka yi shiru, masu bayarwa kan gaji su ajiye littafin.