Aikin Manyan Bankuna: Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

Akwai bankunan da ba a zuwa ajiya ko ɗaukar albashi a cikinsu. Su ne bankunan saka jari, irin su Goldman Sachs da Morgan Stanley na ƙasar Amurka. Aikinsu dillanci ne: in wani kamfani zai sayi wani, ko gwamnati na neman rance wajen masu dukiya, su ke shiga tsakani su karɓi la'ada. A yankinmu ma sana'ar ta samu gindin zama tun da aka buɗe kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan a 1998, wadda Nijar ke cikinta. Don haka ya kyautu matasanmu da iyayensu su san abin da ke cikin wannan aiki.

Albashin dai babu laifi. A 2021 Goldman Sachs ya kai na sabon ma'aikaci dalar Amurka 110,000 a shekara, wato sama da sefa miliyan 60. Amma cikin wannan shekarar ce sababbin ma'aikatansa 13 suka kai kuka cewa suna aikin awa 95 a mako, barcinsu awa 5 a dare. A ƙasarmu doka awa 40 ta yanka. Wanda ya yi aikin mutum biyu, ina ya ga lokacin iyali, balle zumunci? Lafiya kuwa uwar jiki ce, ba a sayen ta a kanti.

Sai batun gobe. Tsanin aikin dogo ne, kuma yana ƙara tsukewa a sama. A 2024 mutum 95 kaɗai wannan banki ya ɗaga zuwa babban matsayi na abokan tarayya, cikin ma'aikata fiye da 45,000. Da yawa sukan bar aikin bayan shekara 2 ko 3. Waɗanda suka daure kuma, abincinsu na rataye da kasuwa: in ciniki ya ja baya, sai sallama. Ran 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe da ma'aikata wajen 25,000. A 2023 Credit Suisse, mai shekara 167 da kafuwa, ya faɗa hannun UBS.

Ba muna hana kowa ba ne. Aikin makaranta ce babba: yana koya lissafi, da sanin darajar kamfani, da iya ciniki. Wannan sani shi ke bin mutum duk inda ya nufa, ko baitulmali, ko bankin raya ƙasa, ko kamfanin kansa, kuma ƙasa na bukatar masu shi.

Saboda haka muna kira ga matashi, kafin ya sa hannu, ya tambayi abu uku: me zai koya, awa nawa zai ba da, kuma ina zai dosa ran da aka rufe ƙofa. Iyaye kuma su daina auna aikin ɗa da nauyin albashi kaɗai, kada a yi wa rogo kallon kitse.