Sharhi: Sauya wa Bindigar Farauta Baki da Abin da Doka Ta Tanada

Tun lokacin da matsalar 'yan bindiga ta addabi ƙauyukan Arewa, darajar mafarauci ta ƙaru a idon jama'a. Mutumin da a da ake nemansa saboda gada da zomo, yau shi ake kira tsaron gari. Ba za a manta da rawar da mafarauta da 'yan banga suka taka ba wajen ƙwato garin Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba na 2014. To sai dai wannan sabon matsayi ya zo da wata ɗabi'a da ya kamata mu tsaya mu duba, wato kai bindigar farauta wurin maƙeri domin ya sauya mata baki, ta riƙa cin harsashin da ba nata ba.

Hujjar masu yin haka a fili take. Sukan ce ɓarawon daji yana riƙe da AK-47, su kuwa adaka ce a hannunsu ko mai baki ɗaya. Mun fahimci wannan damuwa, kuma ba mu raina ta ba. Amma akwai abubuwan da mai bindiga da mai unguwarsa ya wajaba su sani kafin a kai ga maƙera.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattun bindigogi, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. A ciki akwai bindiga mai sarrafa kanta, da ƙaramar bindiga ta hannu, da kuma bindigogin soja, waɗanda dokar ta ambace su da awon bakinsu: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da doguwar bindigar farauta wadda awonta bai shiga waɗancan huɗu ba, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne bindigogin da ake ɗura musu albarushi ta baki, irin su adaka, waɗanda al'amarinsu ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Duk wanda ya karanta wannan jeri da kyau zai ga cewa awon baki shi ne iyakar da ke tsakanin halal da haram a idon doka. Bindigar da take da lasisi jiya, idan aka gyara ta yau ta ci harsashin 7.62, ta tashi daga kashi na biyu ta koma na farko, kuma takardar da ke aljihun mai ita ba za ta kare shi ba. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Maƙerin da ya yi aikin shi ma bai tsira ba, domin dokar ta hana ƙira ko haɗawa ko gyaran bindiga ba tare da izinin hukuma ba. Har gajarta bututun bindigar da ba ta da zane a ciki zuwa ƙasa da inci 20 laifi ne. Masu yanke wa mai baki biyu kai domin ta shige cikin riga, sai su lura.

Wannan tsari na raba bindigar soja da ta farauta ta hanyar awo ya daɗe. Wajen 1907 Turawan Ingila sun hana shigo da harsashin .450 ƙasashen Indiya da Sudan, saboda gudun kada ya faɗa hannun masu tsofaffin bindigogin soja da ke yaƙar su. Dalilin bai canza ba har yau. Harsashin soja ba a sayar da shi a kanti, don haka wanda ya mayar da bindigarsa mai cin sa, dole ya neme shi a hannun masu fasa-ƙwauri, waɗanda su ne dai ke sayar wa ɓarayin daji. Kuɗin mafarauci sai su ƙare a aljihun abokin cinikin maƙiyinsa.

Ko da a ce babu doka, ƙarfe yana da tasa dokar. Kowace bindiga an ƙera ta ne daidai da ƙarfin fashewar harsashinta. Matsin da harsashin doguwar bindigar soja ke haifarwa a cikin bututu ya ninka na bindiga mai baki biyu sau huɗu zuwa biyar. Bututun da ya shekara 20 yana ɗaukar albarushi lafiya, zai iya tsagewa a harbin farko ko na goma, kuma babu wata alama da zai nuna kafin nan. Idan ya tsage, hannun hagu da idon mai harbi ne suka fi kusa.

Manyan masana'antun gwamnati ma sun sha wuya a wannan aiki. Lokacin da Indiya ta so bindigarta ƙirar Lee-Enfield ta bar .303 ta koma 7.62 a farkon shekarun 1960, masana'antar Ishapore sabbin bindigogi ta ƙera da ƙarfe mafi ƙarfi, ba ta amince da tsofaffin ba. A Ingila kuwa, duk bindigar da aka sauya wa bututu sai ta koma gidan gwaji, kamar wanda ke Birmingham tun 1813, a harba ta da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, sannan a buga mata hatimi kafin a sayar. Maƙeranmu gwanaye ne a kan garma da gatari da adaka, ba mu ja da wannan ba, amma zugazugi da uwar maƙera ba sa auna matsi.

A halin da ake ciki, hukumomi sun ƙara matsa lamba. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta fara aiki a 2009. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, a 2024 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ba ta ƙarfi. Jama'a za su tuna cewa a 2022, da Gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga don kare kai, rundunar 'yan sanda ta ce takunkumin ba da lasisi yana nan. Wannan ya nuna cewa ikon yana hannun Tarayya, kuma babu hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma da zai iya halatta bindigar da aka sauya.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su zauna da Sarkin Baka da Sarkin Maƙera na yankunansu a yi wannan bayani a fili. Ƙungiyoyin mafarauta su riƙe sunayen mambobinsu da irin bindigar kowa. Wanda bindigarsa ta lalace, ya fara tuntuɓar ofishin 'yan sanda na yankinsa don sanin inda aka yarda a gyara. Wanda kuma ya riga ya sauya tasa, ya daina harbi da ita, ya sanar da mai unguwarsa domin a raka shi ya miƙa ta ga hukuma.