Kujerar Mata da Aka Ƙirƙiro Don a Kayar da Mace

Na gaji da jin masu cewa wai dokar ware wa mata kujeru ce ta ba ƙasar Samowa firaminista mace. Duk inda aka yi zancen mata da siyasa sai wani ya tashi ya kawo wannan misali, ana ta gyaɗa kai, alhali kuwa ko labarin bai karanta ba. To bari in faɗa maka, mai karatu, wannan doka da ake yabo ita ce sandar da aka ɗauka aka nemi maƙe Fiame Naomi Mata'afa da ita.

Samowa 'yar tsibiri ce a tekun Pasifik, mutanenta ba su wuce dubu ɗari biyu da 'yan kai ba. Fiame ta shiga majalisarsu a 1985 tana wakiltar Lotofaga, shekara 28 ke nan kafin a yi waccan doka a 2013. A 1991 ta zama mace ta farko da ta riƙe minista, ta yi shekara 15 a ma'aikatar ilimi, a 2016 kuma ta zama mataimakiyar firaminista. Ina dokar take a duk tsawon wannan tafiya?

Na san abin da za a ce: ai 'yar gidan sarauta ce, mahaifinta ne firaministan farko lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1962, mahaifiyarta ma ta zauna a majalisa. Haka ne, ban musa ba. Amma wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. A Samowa ba ka tsayawa takara sai kana riƙe da sarautar dangi, wadda suke kira matai, kuma akwai ƙauyukan da ba sa yarda mace ta riƙe ta. Wato an garƙame ƙofar zaure, sannan aka shimfiɗa wa mata tabarma a tsakar gida ana cewa bismillah. Wadda ta gaji sarauta kaɗai ke iya kaiwa ga tabarmar.

Yanzu dubi abin da ya faru. A watan Satumba na 2020 Fiame ta ajiye muƙaminta saboda ta ƙi amincewa da dokokin da suka raba kotun filaye da sarautu daga ƙarƙashin Kotun Ƙoli. Ta koma sabuwar jam'iyyar FAST. A zaɓen Afrilu na 2021 FAST ta ci kujera 25, HRPP ta Tuila'epa, wanda ke kan mulki tun 1998, ita ma 25, saura ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya. Nan fa aka tuna da mata! Aka lissafa aka ce mata biyar cikin kujeru 51 kashi 9.8 ne cikin ɗari, ba su cika kashi 10 da doka ta ce ba. Sai aka ƙaro kujera ɗaya aka ba wata mace, kuma ka ji ikon Allah, 'yar HRPP ce. Da mai zaman kansan ya bi Fiame sai aka koma 26 da 26. Mutanen da suka shekara da shekaru ba su damu da ƙarancin mata ba, rana ɗaya tausayin mata ya kama su, daidai ranar da mace za ta karɓe mulki.

Kotun Ƙoli ta soke wannan naɗi. Ranar 24 ga Mayu Fiame ta zo a rantsar da ita ta tarar an kulle majalisa, dole aka yi rantsuwar cikin rumfar tanti a harabar ginin. Sai ranar 23 ga Yuli Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa rantsuwar tantin nan halal ce. Wata biyu cur ƙasa na da mutum biyu kowa na cewa shi ne shugaban gwamnati.

Masu wancan yabo ba sa son a zo kan ƙarshen labarin. A Janairun 2025 ta sallami shugaban jam'iyyarta, La'auli Leuatea Schmidt, daga minista saboda yana fuskantar tuhuma a kotu. Jam'iyyar ta kore ta. A cikin majalisa har aka sami ɗan majalisar da ya goranta mata rashin aure, wai da tana da miji da ta sami mai ba ta shawara. Mace mai shekara 40 a wannan zaure, wadda ta riga yawancinsu shiga! Sau biyu aka kawo ƙuri'ar tsige ta tana tsallakewa, sai suka kayar da kasafin kuɗinta a watan Mayu. A zaɓen 29 ga Agusta sabuwar jam'iyyarta kujera 3 kacal ta samu, La'auli ya zama firaminista. Mutanen Lotofaga dai sun sake zaɓenta, da ƙuri'arsu, kamar yadda suke yi tun 1985.