Shin shafunan salula suna gaba da addini?

A Gaya, in an zauna hira bayan la'asar, akwai wani kuka da ke yawan fitowa daga bakin malamai da dattawa. Suna cewa shafunan labarai irin su Facebook da TikTok ba su son mai addini: wanda ya yi wa'azi a kan kunya da tarbiyya sai a yi masa ba'a ko a rufe masa shafi, mai batsa kuwa sai a ɗaukaka shi.

Kukan yana da tushe. Dokokin waɗannan shafuna a ƙasashen waje aka rubuta su, kuma na'ura ce ke fara tace abin da aka sa, alhali ba ta ƙware da Hausa ba, balle Dandanci. A watan Disamba 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga rubuce-rubuce fiye da 1,000 game da Falasɗinu waɗanda aka share ko aka danne a Facebook da Instagram. Ko a Amurka masu ra'ayin riƙau sun daɗe suna wannan ƙara, har a Janairu 2025 mai kamfanin, Mark Zuckerberg, ya soke aikin masu binciken gaskiyar labari a ƙasar, yana cewa suna da son kai na siyasa.

To amma mu dubi gida. Gaya tana kallon Malanville ta hayin kogi, Kamba ta Najeriya kuma ba nisa. An rufe gada a 2023, amma wa'azi da martani ba su jira fasfo ba. Duk wanda ya saurari abin da ke shigowa salularsa ya san cewa zagin da ya fi zafi da Hausa ake yin sa, kuma sau da yawa tsakanin musulmi ne: ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, almajiran wannan malami da na wancan. Kamfani kuwa kuɗin talla yake nema. Abin da ya tara ƴan kallo shi yake turawa gaba, faɗa kuma ya fi nasiha tara mutane. Wasu shafunan da aka rufe ma, abokan jayayya ne suka haɗu suka kai ƙararsu.

Mun san inda fushi kan abin da aka buga a nesa yake kaiwa. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u da dama. Masu zanen suna Paris; waɗanda aka bizne ƴan Nijar ne.

Ya kamata masu karatu su sani kuma cewa ƙasarmu tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019. A Yuni 2024 aka maido da hukuncin kaso a cikinta: shekara 1 zuwa 3 ga zagi ko ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 ga watsa abin da zai tada hankalin jama'a. Mai kamfani yana Amurka. Wanda ya tura saƙon daga Gaya shi ne zai tsaya gaban alƙali.