Man Famfo ko Man Kwalba?

A Amurka, mai mota yakan zaɓa tsakanin esansi zalla da wanda aka gauraya da etanol na masara, kashi 10 cikin ɗari. A Agiye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa, zaɓin daban ne: man famfon gidan mai, ko na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke jerawa bakin hanya.

Shekara da shekaru man Najeriya ya fi araha, domin gwamnatin can ce ke cika kuɗinsa. An janye wannan tallafi ran 29 ga Mayu 2023, arahar kuwa ta ja baya. Haɗarin ne bai gusa ba: ƙura da ruwa masu lalata inji, da gobara a gidajen da ake ɓoye jarkoki.

Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace man ƙasa, harajinsa na shiga baitulmali. Saboda haka wajibi ne direba da ɗan kabu-kabu su riƙe famfo. Hukuma ita ma da nata nauyi: kada famfon ya ƙafe kamar yadda ya yi a Maris 2025, samarin ruwa-ruwa kuma a sama masu wata sana'a. Araha dai ba ta ado.